Zinarin Wuyan Inno

Akwai wani bafatake a Tambuwal, a zamanin Daular Sakkwato, mai suna Attahiru. Goro yake ɗaukowa daga Gwanja, amma zuciyarsa ba ta wajen goro. Tana wajen tsofaffin tsabar zinarin Jamusawa da ke yawo a hannun fatake, masu kan sarkinsu a gefe ɗaya, mikiya a ɗaya gefen. Ba ya kashe su, ba ya kai wa maƙeri. Tarawa kawai yake yi, yana gogewa da gefen rawani kamar mai share wa jariri fuska.

Ran nan ya ji labarin wata tsohuwa a Kebbe, Inno, mai irin zinarin nan a wuya. Ko takalmi bai gama sawa ba ya kama hanya.

Ya yi tayi da zannuwa, ta ƙi. Ya dawo da saniya, ta ƙi. Shi kuwa Attahiru akwai naci, sai ya sake komawa.

"Inno, mi kika so in ba ki?"

"Ɗan nan, ba na saidawa ba ne. Ɗana Lauwali yat tahi ɗaukar kayan fatake, ya aiko min da shi. Ya ce ɗan'uwan zinarin nan shina hannunai, da shi za shi shigo gida. Shi nika jira."

Ta miƙo masa ya gani. Huda biyu ce a jiki, da jar tsirkiyar fata.

Attahiru ya sake dubawa da kyau. Yana da mai huda biyu sak a gida. A zangon Yawuri ya saye shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, daga hannun wani ɗan dako da ciwon ƙafa ya kayar.

Da ya so ya rufe bakinsa, da ba mai sanin cewa na Lauwali ne. Amma kunya ta kama shi, ya koma Tambuwal ya ɗauko zinarin, ya ɗaura wa jakinsa kaya ya nufi Yawuri. Damina ce, rafuka sun cika, abokansa suna cewa ya haukace. Bai juyo ba.

Zango-zango ya bi yana cigiya, har ya tarar da Lauwali yana faskaren itace, yana ɗingishi.

"Tashi mu tahi, Inno na jiran ka."

Lauwali ya sunkuyar da kai. "Da wane ido zan dube ta? Abin da niy yi mata alkawari, na saida shi na ci tuwo."

Attahiru ya danƙa masa zinarin a tafin hannu. "Ga shi. Hau jaki, ni in taka."

Da suka shiga Kebbe, Inno ta rungume ɗanta tana kuka, ko kallon zinarin ba ta yi ba. Can ta share hawaye, ta kwance na wuyanta, ta haɗa da na Lauwali ta miƙa wa Attahiru.

"Riƙe duka biyun, ɗan nan. Ni abin da nika jira ya iso."

Darasi: Kafin ka ƙwallafa rai a kan abin hannun wani, ka tambayi abin da ya sa ya riƙe shi. Naci a kan alheri ya fi naci a kan tara kaya riba. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.