Kunun Tabawa da Ƙundu Guda

Ku matso, yau akwai gardama! A ƙauyen Tungar Marke an yi wata mata, Tabawa, wadda ba a suna sai ita ta dama kunun kanwa. Wata rana aka yi suna a gidan mai gari, kafin la'asar mutane suka fara zarya a bayan gida suna riƙe da ciki.

Washegari Nomau, mahaucin da ya gyara ragon suna, ya miƙe a ƙofar mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, duk wanda ya kwanta ya sha kunun Tabawa. Ke nan kunun ne!" Jama'a suka ɗauki ihu, a kore ta daga garin. Tabawa na durƙushe, wasu har sun fara jan zanenta. Sai ga ƙannenta uku sun iso a guje.

Tunau, babbansu, ya kutsa tsakiyar taro ya ce, "Duk wanda ya kwanta ai ya gaisa da Nomau jiya. Ke nan hannun Nomau ne, a kore shi!" Wuri ya kece da dariya, masu jan zanen Tabawa suka sake ta. Mai gari ya yarda cewa irin wannan hujja kowa za ta iya kamawa. Amma ya ce gaisuwa ba ta shiga ciki, kunu kuwa yana shiga.

Arzika, na tsakiya, bai tsaya surutu ba. Ya shiga gida ya roƙi mai jego ta leƙo daga zaure. Ita ce ta fi kowa shan kunun nan, ƙwarya bayan ƙwarya, ga ta garau har da murmushi. Ya kuma sa aka tallabo ladan, wanda kowa ya san ko warin kanwa ba ya so, ga shi yana nishi kamar zai haihu. Maganar Nomau ta rushe tun daga tushe. Sai dai mai gari ya ce muddin ba a san abin da ya kwantar da mutane ba, babu mai sake kallon tukunyar Tabawa.

Bawa, autansu, ya bi majinyata gida-gida yana tambayar me kowa ya sa a baki. Ya dawo yana haki. Dukkansu sun ci farfesun kayan cikin da Nomau ya bari a buɗe cikin rana tun hantsi, ƙudaje na biki a kai. Mai jego ba ta samu ba, don maza sun sharce tukunyar. Aka waiwaya neman Nomau, ashe tuni ya sulale.

Tabawa ta tashi tana guɗa har da hawaye. Ta koma gida ta yanka zakaranta, ta soya shi ya yi jawur, ta kira ƙannenta. A gidansu wanda ya fi kowa ake miƙa wa ƙundu, zakara kuwa ƙundunsa ɗaya ne. Ta ɗauko shi, ta dubi wannan, ta dubi wancan, hannunta ya tsaya a sama.

To jama'a, da mai tona raunin hujja, da mai kawo shaidun da suka ƙaryata ta, da mai gano ainihin dalili, wa Tabawa za ta miƙa wa ƙundun nan?