Ranar da Kurege Ya Sha Maganin Kura

Ga ta nan ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Inna, mun matso.

To, Ladidi, ajiye gyaɗar nan tukuna, ba na son ina magana ana ɓare-ɓare.

A wani daji can akwai wata tsohuwar Bushiya mai magani. Duk dabbar da hankalinta ya ƙi kwanciya, ko barci ya ƙaurace mata, ko jiki ya yi nauyi, wurinta ake zuwa. Ta jiƙa saiwa, ta dafa daddoya da na'a-na'a, ta jefa citta da kanumfari, ta ɗiga zuma. Tana da al'adu biyu da ta gada wurin kakanninta. Ba ta taɓa itace sai ta yi masa sallama, in kuma ta ɗebi saiwa ko ganye, sai ta zuba gero a gindinsa ta rufe da ƙasa, tukuicinsa ke nan. Sannan ba ta miƙa wa kowa ƙwarya sai ta fara kurɓa a gabansa, don ya sha hankali kwance.

Maƙwabcinta shi ne Kurege. Kun dai san Kurege, jela ta fi shi girma, ciki kuma ya fi jela. Kullum ta fita ɗiban magani yana biye da ita, wai yana taya ta riƙe kwando. Tana juya baya sai ya tone geron ya watsa a baki. Shekara da shekaru yana bin ta, bai san amfanin ganye ko ɗaya ba, amma ya san gindin da gero ya fi yawa.

Ana nan sai 'yar Bushiya ta haihu a wani daji mai nisa, ta shirya za ta je wankan jego. Ta bar wa Kurege tsaron gida, ta ce duk wanda ya zo a ba shi haƙuri ya jira ta. Kurege ya ce ta tafi kawai, kamar tana nan. Ko ɓacewa ba ta gama yi ba, ya rataya jakar fatarta, ya kafa hula, ya haye tabarmarta ya harɗe.

Sai ga Kura. Ta rame, ido ya yi jajir, tafiya ma da ƙyar. Ta ce tun ranar da karnukan mafarauta suka bi ta, gabanta bai daina faɗuwa ba. Ganye ya faɗo, ta zabura. Ta kwanta, barci ya ƙi. Abinci ba ya shiga, dariyar nan tata da kowa ya sani ma ta ɗauke. Ta tambayi Iya Bushiya. Kurege ya gyara murya ya ce Iya ta yi tafiya, amma ai shi ya koya mata rabin abin da ta sani. Ya ce ciwon yana da sauƙi, ta kawo zuma da gyaɗa da aya.

Kura ta kawo. Kurege ya daka, ya dama, ya tsinko ganyen da hannunsa ya kai ya jefa a kai don ado. Ya ce al'ada ce mai magani ya fara kurɓa. Ya kurɓa, ya ce bai ji ba. Ya kurɓa, ya ce kamar bai haɗu ba. Ya kurɓa, ya kurɓa, sai ga gindin ƙwarya. Ya zuba ruwa ya ɗauraye ya miƙa mata, ta shanye tana godiya.

Gobe haka, jibi haka. Kura ta kawo, Kurege ya kurɓa, Kura ta sha ɗauraya. Kurege ya yi kumatu, jela tana sheƙi, Kura kuwa ana iya ƙirga haƙarƙarinta. Ni dai har yau tausayinta nake ji, don wanda bai taɓa rasa barci ba bai san wahala ba.

Wata safiya Kura ta zauna ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Kurege, na lura kai kake warkewa. In yau ban yi barci ba, na ji an ce naman kurege ma yana kwantar da hankali."

Nan take faɗuwar gaba ta tashi daga jikin Kura ta koma jikin Kurege. Ya ce dama yau ce ranar babban magani, bari ya je daji ya ɗebo. Niyyarsa ya gudu. Kura ta ce za ta raka shi, ai iska za ta yi mata amfani. Ya yi gaba, tana shaƙar jelarsa.

Yana tafe yana tunani. Ya ce a ransa, inda Iya take zuba gero mafi yawa, lalle nan babban magani yake. Ya nufi wurin kai tsaye, don hanyar ba baƙuwarsa ba ce. Shi bai sani ba, filasko ne, maganin wankin ciki. Iya tana zuba masa gero da yawa ne don mai zafin rai ne, sai an lallashe shi, kuma ɗan kaɗan take tsinka. Kurege ya yi sallama da ƙarfi don Kura ta ji, ya cika kwando taf. Suka koma gida ya dafa, ya ƙara tsamiya don ɗanɗano, abu ya yi kauri ya yi baƙi. Ya miƙa wa Kura ƙwarya, ta turo masa.

"Al'ada, Malam."

Ya ɗan taɓa da leɓe.

"Ai ba haka ka saba kurɓa ba."

Ya kurɓa. Ta zuba masa ido. Ya kurɓa. Ta lashi baki. Ya kurɓa, ya kurɓa, sai ga gindin ƙwarya.

Ba a jima ba ciki ya ce ƙululu. Kurege ya ce ya manta wani ganye a bayan geza, yana zuwa. Ya tafi, ya dawo, ya harɗe a tabarma, ya ce, "Kamar yadda nake cewa, ranki ya daɗe." Ciki ya ce ƙululu. Ya ce akwai wani ganyen. Ya tafi da sauri, ya dawo yana gumi, ya ce, "Kamar yadda nake..." Ciki ya ce ƙululu. Wannan karon bai nemi izini ba. Jaka ta yi gabas, hula ta yi yamma, jela a sama, ƙafa ba ta taɓa ƙasa.

Bakin Kura ya fara rawa. Ta danne, ta kasa. Dariya ta ƙwace mata, ta faɗi tana birgima tana dukan ƙasa, hawaye na zuba. Duk lokacin da ta tsagaita sai Kurege ya sake wucewa a guje, ta koma sabuwa. Ta yi ta yi har ta gaji, ta jingina da itace, da rana tsaka barci ya kwashe ta. Minsharinta har a bakin rafi ana ji.

Sai hantsin washegari ta farka, jiki sakayau, yunwa ta dawo. Ta tarar da Kurege a yashe kamar tsumma, komai ya mutu sai harshe.

"Kin ga babban magani ke nan, ranki ya daɗe. Mai magani ke sha, mara lafiya ya warke. Ba kowa nake yi wa ba."

Kura ta rungume shi har ƙashinsa ya yi ƙara, ta ce ba za ta ɓoye wannan alheri ba. Kurege ya ce a ransa ya tsira.

Da gari ya waye ya leƙo, sai ya ga layi. Dangin Kura ne kaf, ƙannenta da gwaggonninta da surukanta, kowace da damuwarta, kowace da damin filasko a ka. Can ƙarshen layi ga Giwa, ita da tukunya ta zo.

Allah ya taimake shi, a daidai lokacin Bushiya ta dawo da ƙunshinta. Kurege ya rarrafa ya ƙanƙame ta, ko ƙayar jikinta bai ji ba. Ya faɗa mata komai, har geron itatuwa bai rage ba. Ta ce ai tun tuni ta san da geron, tana jiran ranarsa ne kawai. Ta sallami Giwa da tukunyarta, ta dafa wa kuraye daddoya da na'a-na'a, ta ce su zauna tare su yi hira su daina kwana da abu a ciki. Shi kuwa ta jiƙa masa sabara don tsai da ciki, ba zuma ko ɗigo. Ta ce in ya miƙe, duk geron da ya ci sai ya mayar wa itatuwa. Sannan ta ɗaga ƙwaryar, duk da abin da ya yi mata, ta fara kurɓa kafin ta sa masa a baki. Kurege ya sha yana hawaye, ya ce ɗacin ne.

Shi ya sa har gobe in kun ga kurege a gindin itace yana tona ƙasa yana binne hatsi, geron Iya yake mayarwa, bai gama ba. In kuma kun ji kura tana dariya ita kaɗai a daji, jelar nan ta tuna.

Ƙurunƙus kan kurege mai jaka. Duk wanda zai yi ƙaryar magani a cikinku, ya fara duba ko akwai geza kusa da gida. Ladidi, miƙo gyaɗar nan, al'ada ce in fara ɗanɗanawa.