Sanyin da Ya Ci Mutum Uku

Ku matso ku ji, don hukuncin wannan labari a hannunku yake.

A wata jami'a, cikin garin da rana ke dafa ƙwai a kan mota, akwai wani tsohon malamin kimiyya, Farfesa Barau. Abin dariya, duk rayuwarsa sanyi yake nema. Yakan ce iska ƙwayoyi ce ƙanana da ido ba ya gani, kowacce na gudun kanta, kuma gudun nan shi ne zafi. In aka sanyaya su har bakin sanyin da babu wani bayansa, sai su daina zama ɗaiɗaiku, su haɗe su zama abu guda mai motsi guda. Wannan yake so ya gani da idonsa. To, idon kuwa ciwon suga na cinye shi, kuma ritayarsa ta zo. Jami'a ta ce mutum ɗaya tak cikin ɗalibansa za ta riƙe a ɗakin bincikensa, shi zai zaɓa.

Ɗalibansa uku ne. Da bazara ta tsaya, suka yi gwajin ƙarshe, yana zaune a kujera yana saurare.

Ishaya ne mai hasken leza, wanda ke dukan ƙwayoyin ta kowace kusurwa har gudunsu ya ragu. Madubi ɗaya ya goce. Gumi ya rufe masa tabarau na kariya, sai ya cire don ya gani da kyau. Hasken ya shiga idonsa na dama. Bai tsaya ba sai da ya saita madubin, kuma idon bai ƙara gani ba.

Hansatu ce mai tarkon maganaɗisu. Aikinta kamar fifita koko ne: a bar ƙwayoyi masu zafi su tsere, na ƙasa su ƙara sanyi, a hankali a hankali, kuma ita kaɗai ta san hannun injin. Tana cikin yi aka bugo waya daga gida cewa mahaifiyarta na kiran sunanta, jiki ya yi tsanani. Barau ya ji komai. Ya san ya kamata ya ce, "Tashi ki tafi, 'yata." Bai faɗa ba, son zuciya ya riƙe masa baki. Ta kife wayar ta ci gaba. Kafin ta isa gida washegari, an dawo daga maƙabarta.

Lawandi ne mai kula da ruwan da ke sanyaya maganaɗisun. Ana dab da gamawa, mahaɗin bututun ya tsage, ruwan da ya kwaso zafin injin, mai ƙuna, ya fara feshi. Da an kashe injin, da aikin sauran biyun ya tafi a banza. Ya danne wurin da tafin hannuwansa, yana cizon leɓe, har aka gama. Yatsunsa sun ƙanƙance, yau ko cokali da ƙyar yake riƙewa.

Hoton ƙwayoyin ya fito a kwamfuta. Shi kuwa abin da ƙwayoyin suka haɗe suka zama, hasken da ke ɗaukar hotonsa shi ke tarwatsa shi, don haka nan take ya watse. Barau ya kai fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashin.

"Me kuke gani?" ya tambaya.

"Ya haɗu, Malam," in ji Hansatu. "Ɗigo ɗaya ne, a tsakiya."

Shi hazo kawai ya gani. Ya koma ya zauna, baƙin ciki da kunya suka rufe shi, don ya san abin da yaran nan suka biya saboda idon da ya riga ya mutu.

Yanzu jami'a na jiran suna ɗaya daga bakinsa. Sauran biyun za su kama gabansu, kowa da rauninsa.

To, ku da kuka ji, a tsakanin Ishaya, Hansatu da Lawandi, sunan wa ya kamata tsohon nan ya kira?