Kurege Mai Mafarkin Zaɓe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka kewaye murhun nan.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To, ku gyara zama. Ku ma iyayensu maza da kuke can bakin zaure kuna gardamar wa zai ci wa zai faɗi, ku matso, don ku aka yi wannan.

A wani daji mai yawan inuwa, Giwa ce shugaba. Wa'adinta ko rabi bai kai ba, amma namun daji suka ce ai ba a fafe gora ranar tafiya, gara tun yanzu a san wanda zai gaje ta. Suka rabu gida biyu. 'Yan Jam'iyyar Ƙaho suka ce Ɓauna, Kura ce jagorarsu, ko da yake ita ba ta da ƙaho ko na magani. 'Yan Jam'iyyar Fiffike suka ce Jimina, Shaho ne jagoransu. Ita Ɓauna tana can fadama tana cin ciyawarta, Jimina tana kwance kan ƙwanta. Ba wanda ya je ya tambaye su ko suna so.

Kullum rana ta take, sai a taru gindin tsamiya.

Kura ta ce, "Jimina? Wa zai zaɓi Jimina? Tsuntsaye sun ce ba ta tashi, mu masu ƙafa huɗu mun ce ba tamu ba ce. Kai kamar ɗan goro, a ina za ta zuba tunanin mulki?"

Shaho ya ce, "Ke ji da taki. Bara Ɓauna ta tattake kwaɗin fadama. Kin san yawan kwaɗi kuwa? Wanda kwaɗi suka ƙi ya faɗi tun ba a buɗe akwati ba."

Kura ta ce, "Ba maganar kirki ake ba, maganar wa zai iya ci ake."

Shaho ya ce, "Ni ma ban ce Jimina ta fi kirki ba. Cewa na yi za ta ci."

Haka jiya, haka yau. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, a watse, gobe a dawo.

To, akwai Kurege. Kurege bai yi noma ba wannan shekara, don lokacin shuka yana barci, lokacin noma yana hamma. Rumbunsa wayam, matarsa Kyallu tana ta mita. Maganin yunwarsa ɗaya ne, ya kwanta kan saiwar tsamiya ya lumshe ido, gardama tana wucewa ta kansa kamar kukan ƙuda. Rannan yana kwance sai ya ji Kura tana cewa da za ta san gaskiyar wanda zai ci, da ta ba da rabin abin da ta mallaka. Kurege ya buɗe ido ɗaya.

Da aka watse ya bi ta a baya.

"Ranki ya daɗe, ni fa ba barcin banza nake yi ba. Gadonmu ne, muna ganin zaɓe a mafarki tun bai zo ba."

Kura ta ce, "Haba Malam Kurege! Me ka gani?"

Ya ce, "Ban ga komai ba tukuna. Cikin da ba kowa ba ya mafarki."

Kafin la'asar 'yan Ƙaho sun sauke masa kwandon gyaɗa a ƙofar rami. Ya ci, ya ci, ya miƙe. Da ya tashi ya kira Kura gefe, ya sassauta murya.

"Na ga Ɓauna tana tafiya a kan ruwan tafki, ƙafarta ba ta jiƙe ba. Ƙahoninta sun zama jinjirin wata. Kwaɗi suna biye da ita suna rangaɗa guɗa. Amma ki rufe bakinki, mafarkin da aka kai kasuwa warwarewa yake."

Kura ta tafi tana rangaji.

Da Kurege mai hankali ne da ya tsaya nan, kwandon nan ya kai su kaka. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Washegari ya je ƙarƙashin reshen da Shaho yake zama, ya yi gyaran murya.

Shaho ya ce, "Me ka gani, Malam Kurege?"

Ya ce, "Cikin da ba kowa ba ya mafarki."

'Yan Fiffike suka yi ta jigila, wannan da aya a baki, wancan da dabino, wani da zangarniyar gero. Ya ci, ya ci, ya miƙe.

"Na ga Jimina ta tashi sama, ita da aka ce ba ta tashi. Gajimare ya shimfiɗa mata tabarma. Taurari suna zuba a akwatinta kamar ana awon gero. Amma ka rufe bakinka, mafarkin da aka kai kasuwa warwarewa yake."

Daga nan fa kasuwa ta buɗe. Safiya ta Ɓauna, yamma ta Jimina. Kurege ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓata. Kyallu ta ce, "Maigida, mafarki biyu a kai ɗaya? Ranar da suka haɗu fa?" Ya ce, "Ke dai soya gyaɗa."

Yo ɗan jam'iyya ya taɓa riƙe albishir a ciki? Ku tambayi iyayenku ga su nan. Rannan gardama ta yi zafi gindin tsamiya, Shaho ya sake kawo zancen kwaɗi, Kura ta kasa daurewa.

"Kwaɗin da aka gani suna yi wa Ɓauna guɗa? Malam Kurege ya gani da idonsa!"

Shaho ya ce, "Wane Kuregen? Wanda ya ga taurari a akwatin Jimina?"

Duk idanu suka juya kan saiwar tsamiya. Kurege ya zabura ya nufi rami, kai ya shiga, ciki ya ƙi. Ƙibar mafarki ta toshe ƙofa. Kura ta jawo shi ta wutsiya kamar ana cire rogo.

Ta ce, "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yau a gaban kowa za ka yi mafarki, guda ɗaya tal. In ka ce Jimina, ni zan karya da kai."

Shaho ya ce, "In ka ce Ɓauna, zan kai ka inda ka ga taurarin nan, in sake ka."

Kurege ya ji tsoro ƙwarai, har gashin wutsiyarsa ya miƙe. Amma bakin nan bai mutu ba. Ya ce, "Cikin da ba kowa..."

Suka ce, "Mun sani!"

Aka shimfiɗa masa ganye a tsakiya, 'yan Ƙaho dama, 'yan Fiffike hagu. Aka ɗura masa gyaɗa daga nan, aya daga can. Ya kwanta da niyyar barcin ƙarya, ya samu ya yi dabara. Amma inuwar tsamiya da sanyi, iska tana kaɗa ganye a hankali, ciki ya yi nauyi. Duk daji ya yi shiru, abin da ba a taɓa ji ba tun da aka fara zancen magajin Giwa. Sai barcin gaske ya sace shi. Kuma a karo na farko a rayuwarsa, mafarkin zaɓe ya zo masa da gaske.

Ya ga daji ya yi fari kamar an wanke shi. Kogi yana gudu, amma kunun gyaɗa ne, tururi yana tashi a kansa. Kwaɗi sun yi layi, tururuwa sun yi layi, har kifi ya fito da ƙafa ya bi sahu. Kowa ya zo sai ya ɗora ganye guda a gaban wani ɗan ƙaramin kututture, ganye ya taru ya zama tudu, tudu ya yi ta hawa da kututturen har ya wuce kan tsamiya. Ya duba wanda ke zaune a kan kututturen, sai ya ga shi ne. Shi Kurege, ɗan rami. Giwa ta durƙusa ta miƙa masa sandar mulki da haurenta. Ɓauna tana masa fifita, Jimina ta buɗe fiffike ta yi masa laima. Can ƙasa ga Kyallu da sabon zane, tana kallonsa, ba ta mita. Daɗi ya cika shi har hawaye ya zubo. Ya ɗaga hannu zai yi wa jama'a godiya.

Sai Kura ta yi atishawa.

Ya farka, ga haƙora a dama, ga farata a hagu.

Suka ce, "Wa ya ci?"

In ya faɗi abin da ya gani, su biyun za su raba shi. Ya zauna, ya share hawaye, ya dubi hannunsa da yake a ɗage har yanzu.

Ya ce, "Kaico! Kun tashe ni a mugun wuri. An ƙirga na Ɓauna, an ƙirga na Jimina, sun yi kunnen doki. Na kwaɗi sun shiga, na tsuntsaye sun shiga, ba wadda ta fi wata. Ƙuri'a guda ta rage a duk dajin nan."

"Ta wa?"

"Tawa. Ga hannuna, kun gan shi a sama, zan jefa ke nan aka yi atishawa."

Kura ta ce, "Wa za ka jefa wa?"

Ya ce, "Ban yanke ba tukuna. Amma ranki ya daɗe, ki cinye ni, ba komai. Sai dai ki sani nasarar Ɓauna kika haɗiye."

Kura ta rufe baki a hankali. Shaho ya mai da faratansa. Kura ta karkaɗe masa ƙasar da ke wutsiya, ta ce ai wasa take, ita da Malam Kurege tun kakanni. Shaho ya ce duk wanda ya taɓa Malam Kurege ya taɓa Jam'iyyar Fiffike. Aka faɗaɗa masa ƙofar rami, aka raka shi gida da kiɗa.

Kun ce ya tsira ko? Ya tsira daga baki, ya faɗa hannun masoya. Daga ran nan Kura ta tare a ƙofar raminsa, Shaho ya tare a reshen da ke sama, kowa yana gadin ƙuri'a kada ɗaya ya saye ta. Abinci kam har ya ruɓe. Amma da ya lumshe ido, sai a raɗa masa a kunnen dama, "Ɓauna." A raɗa a na hagu, "Jimina." Ga shi Giwa lafiyarta ƙalau, zaɓe yana can nesa. Mai sayar da mafarki ya rasa barcin da zai koma ya ga nasa. Shi ya sa har yau in kun ga kurege, tsaye yake kan ƙafa biyu, ido jawur, yana waige-waige.

Abin ya dame shi, ya rasa wa zai gaya wa. Rannan ya ja Kyallu can ƙuryar rami, ya ba ta labarin mafarkin gaskiya, tun daga kogin kunu har sabon zanenta. Ya ce, "Kyallu, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Da zan tsaya, ina iya ci?"

Ta dube shi, da tausayi kuwa. Sannan ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Ta ce, "Maigida, zanen dai ya yi kyau. Amma ko ni ba zan zaɓe ka ba."

Ƙurunƙus kan ɗan kurege. Wanda zai sayar da mafarki ya fara aje nasa barcin a rumbu, wanda kuma zai tsaya takara ya fara tambayar mai soya masa gyaɗa. Ku na bakin zaure, tuwonku ya huce tun ɗazu, kuma har yanzu ba wanda ya tambayi Ɓauna.