Ƙwayar Maganin Duna

Akwai wani tela a Maiduguri, shekarun farko bayan samun 'yancin kai, sunansa Umara. Mutum ne mai tsafta har ta yi yawa. Ko kare ya gifta ta gabansa sai ya tattare rigarsa.

Maƙwabcinsa Manasse, direban babbar mota, yana da wani baƙin kare mai suna Duna. Ranar da aka aiko wa Manasse cewa mahaifinsa ya rasu a Biu, Duna na kwance ba lafiya, likitan dabbobi ya rubuta masa ƙwayoyi.

"Malam Umara, ba ni da wanda zan bar wa shi sai kai," in ji Manasse. "Likita ya ce idan bai sha ba, ba zai tashi ba."

Ya nuna masa yadda ake buɗe bakin karen a tura ƙwayar. Umara ya kalla daga nesa, ya ce, "Je ka, na karɓi amana."

Amma ya yi wa kansa dabara. Kullum sai ya cusa ƙwayar cikin tsokar bandar kifi, ya jefa ta kan katanga, ya karkaɗe hannu ya tafi shago.

Wata safiya matarsa Kaltum ta shiga gidan Manasse ta share tsakar gida. Ta dawo da ƙwayoyi a tafin hannunta.

"Malam, ga amanarka. A gindin darbejiya na tsince su. Kifin ya ci, maganin ya bar maka."

Umara ya leƙa. Duna ko kai ba ya iya ɗagawa.

Ya shiga gidan. Sannan ya naɗe hannun riga, ya ce ta kawo man shanu. Ya shafe ƙwayar, ya durƙusa, ya buɗe bakin karen da yatsunsa, ya tura ta can bayan harshe. Ya rufe bakin, yana shafa maƙogwaron a hankali har Duna ya lashe hanci.

Ya fito da yawu har gwiwar hannu, sai ga Garzali, mai shagon yadi a Kasuwar Kwastam.

"A'a! Malam mai tsafta! Yau kuma likitan karnuka aka zama? Kada ka taɓa mini yadi da hannun nan."

"Hannu ruwa da ƙasa za su wanke shi," in ji Umara. "Idan karen nan ya mutu, da me zan wanke fuskata a gaban mai shi?"

Garzali ya kai labarin kasuwa, aka yi ta dariya. Umara bai fasa ba, safe da yamma, har ƙwayoyin suka ƙare. Ranar da Manasse ya dawo, Duna ne ya tare shi a bakin ƙofa da gudu.

Da shekara ta zagayo, Garzali ya tashi tafiya Makka ta hanyar Sudan, tafiyar da ba a san ranar dawowa ba. Ya tsallake 'yan uwa da abokan dariya, ya zo ya ajiye makullin shagonsa a kan keken ɗinkin Umara.

"Ai ka ce kada hannuna ya taɓa maka yadi."

Garzali ya sunkuyar da kai. "Duk kasuwar nan, wannan hannun kaɗai na yarda da shi."

Darasi: Ba a riƙe amana daga bayan katanga. Idan ka ce ka karɓa, to ka sa hannu, ko da aikin ba ya maka daɗi. Masu yi maka dariya suna kallo, kuma ba sa mantawa. Ku tura wa wanda kuka taɓa bar wa makullinku.