Haƙarƙarin Kura, Mudun Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo, kunnuwanmu na jira.

Bushiya mai waina kullum sai ta yi kwantai, ta zubar a juji, Kura ta lashe. Ranar nan ta sa manhajar ƙirƙirarriyar basira a wayarta, mai gaya mata yawan ƙullin da zai ƙare kowace safiya.

Bayan wata uku babu kwantai, sai ga Kura tana tangaɗi don yunwa.

"Haba uwar ɗakina, rabu da abin nan! Da me kika auna amfaninsa?"

Bushiya ta baza ƙayoyinta, ta ce, "Juyo in gani. Da can ƙiba ta rufe haƙarƙarinki, yau ga shi ina ƙirgawa. Ai ke ce muduna, Kura!"

Ƙurunƙus! Kan kusu dai, ba waina ba.