Taken Uban Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, masu mutsu-mutsu.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun natsu.

An yi wani saurayi ɗan dambe, sunansa Nomau. Hannu gare shi na ban mamaki, in ya naushi kuka sai 'ya'yanta sun zubo. Amma fa kuka ba ta ramawa. Da an kafa fage kalangu ya tashi, sai tsoro ya kama Nomau, ƙafa ta kwashe shi sai bayan gari. Kaka biyu yana haka.

Kun san kowane ɗan dambe da takensa, kiɗan da in an buga kowa ya san wa ake kira. Nomau na marigayi ubansa ya gada. Sai makaɗi ya tare shi ya ce, "Bana Gwaggon Biri zai fito daga daji ya yi dambe. In ka sake gudu, taken babanka wani zan ba."

Nomau ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya shiga ɗaki ya fito, ya gutsiri tuwo ya ajiye. Daga bisani ya ruga wurin Kawu Barmo, tsohon da ke koya wa samari dambe.

"Kawu, ka cire mini tsoro."

"Ni ba wanzami ba ne, ɗana. Gobe da hantsi ka same ni a fage."

Ranar farko fage babu kowa. Kawu ya tsayar da shi a tsakiya, ya sa aka saki kalangu. Nomau ya daure ya tsaya har kiɗan ya ƙare.

"Ka mutu?"

"A'a, Kawu."

"To, gobe ma."

Rana ta biyu Kawu ya zo da Rago mai ƙaho, ya nuna masa Nomau, ya ce, "Tunkuɗe mini shi." Rago ya ce, "Dama abin da nake so ke nan." Tim! Nomau ya sha ƙasa.

"Ka mutu?"

"A'a, Kawu."

"To, gobe ma."

Rana ta uku da kalangu ya tashi, Kawu ya kama tafin Nomau ya ɗora a ƙirjinsa. Zuciyar tsoho tana dukan uku-uku.

"Kawu, har kai?"

"Shekara arba'in ina shiga fage, kullum tare muke shiga da tsoro. Ban taɓa baro shi gida ba."

Nomau bai so jin haka ba, shi magani yake nema. A hanya ya gamu da Gizo, uban 'yan baki. Gizo ya ce, "Wannan tsoho wahalar da kai yake. Kawo cinyar bijimi, in ba ka layar hana tsoro." Nomau ya ba shi, ya karɓi laya.

Ranar dambe gari ya cika. Kalangu ya tashi, tsoro ya kama Nomau fiye da kullum. Ya cafko Gizo cikin taro: "Layarka ba ta aiki!"

"Ɗaurawa ce ba ka iya ba. Kawo ka gani."

Gizo ya ɗaura laya, ya naɗe hannu da igiyar dambe, ya hau taƙama. Yana ja da baya yana nuna yadda ake yi, yana ja da baya, har ƙafarsa ta taka fage. Al'ada kuwa, duk wanda ya taka fage da hannu a naɗe, dambe ya nema.

Gwaggon Biri ya ce, "Wa ke kirana?"

Naushi ɗaya, Gizo ya tashi sama, sai rufin rumfar mahauta. Har yau yana can a lungu bai sauko ba.

Nomau ya ga abin da ya faru. Ya waiga, ga hanyar bayan gari fayau. Ya juyo, ga Kawu ya miƙo masa igiya. Nomau ya miƙa hannu aka naɗe. Ya shiga, tsoron na nan daram.

Turmin farko, wato zagayen farko, ya tsaya bai gudu ba. Turmi na biyu ya sami kunnen Gwaggon Biri, har fage ya ɗauki ihu. A na uku Gwaggon Biri ya kai shi ƙasa.

Yana kwance, baki cike da yashi, baƙin ciki ya rufe shi, don ya san taken ya tafi. Sai ya ji kalangu a kansa. Taken ubansa ne, makaɗi ya durƙusa yana buga masa.

Nomau ya ce wa makaɗi, "Baba, ai an kayar da ni."

"Cewa na yi in ka gudu, yaro. Ban ce in ka faɗi ba."

Nomau ya fashe da kuka a gaban kowa, ko kunya bai ji ba.

To kun ji, yara. Jarumi ma yana jin tsoro, tsayawa kawai yake yi. Mai koya muku na gaskiya kuwa zai gaya muku haka, ba zai ba ku laya ba.

Ƙurunƙus kan gafiya. Wanda bai yarda ba, ya ɗaga kai ya tambayi Gizo.